Burtun Kawu Jibo a Gandun Bauchi

Tun da na dawo daga ƙasar Bauchi ban ɗinka riga ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Da na ɗora ƙafa a kan keke sai wani ya leƙo rumfa ya ce, "Tela, wai da gaske ka ga giwa?" Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma duk wanda ya kai shi gaba sai ya ƙara masa gishiri. Jiya a kasuwar Makarfi na ji wai zaki ya bi ni har na ɗare bishiya, ni da ko katangar gidanmu ban taɓa hawa ba. To ga shi daga bakin mai shi, don a bar ni in gama ɗinkin mutane.

Sai kun fara sanin Kawu Jibo, yayan mahaifiyata, mutumin Furana. Maharbi ne ɗan maharbi, kuma da burtu yake farauta. Saboda yaran yanzu da ba su taɓa gani ba: kan tsuntsun nan burtu ake samu, a yi masa dogon wuya na itace, maharbi ya ɗaura a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya yi ta rarrafe yana sunkuyar da kai kamar tsuntsu mai tsintar fara. Namun daji sun saba da burtu, ba sa gudunsa, har maharbi ya kai inda kibiyarsa za ta isa. Na Kawu gadon kakansa ne, wuyan har ya yi sheƙi don shan hannu. Sai dai ya daɗe a rataye, domin dajin namu ya koma gonakin gyaɗa da auduga da rake, ko gada sai an sha wuya ake gani.

Ɗansa na fari Haladu, abokin wasana ne. Kawu bai taɓa kiran sunansa ba, bai kuma taɓa duban idonsa ya yi masa magana ba, kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ko farautar da ya koya masa, iska yake yi wa magana Haladu na biye: "Mai ido ya dubi sawun nan." Bayan an sami mulkin kai, da gwamnati ta kafa dokar kare namun daji, aka ɗauki Haladu aikin tsaron gandun da aka keɓe a ƙasar Bauchi. Wato ɗan maharbi ya zama mai kama maharba. Ranar da ya tafi Kawu bai fito daga ɗaki ba.

A bazarar nan wani direba ya kawo saƙon baki, matar Haladu ta haifi namiji, an sa masa sunan Kawu. Ranar kasuwa sai ga Inna Kande, matar Kawu, a rumfata. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Ɗan nan, kawunka ya ce zai je."

Na ce, "Alhamdu lillahi, Inna, ai abin farin ciki ne."

Ta ce, "Wane farin ciki? Ya rantse zai je ya ce masa ya tuɓe kakin nan ya dawo ya gaji ubansa. In ya ƙi, ya sallama shi, babu shi babu shi har lahira. Ka san bakin uba. Kai kaɗai yake sauraro, ka bi shi don Allah."

Na rufe keke da tsumma, na ɗauki 'yar riga da hular da na ɗinka wa jariri, na bi shi.

Daga Furana muka taka zuwa Ikara, muka sami motar Zariya. Kayan Kawu guda biyu ne, jakar fata da wani dogon ƙunshi a naɗe cikin tabarma, an ɗaure shi tamau da igiya. Na tambaye shi abin da ke ciki, ya ce tsarabar jariri ce. Ni kuwa da ladabi na karɓa na ɗora a kai. Ku riƙe wannan: daga Ikara har Bauchi, kowace tasha, a kaina ƙunshin nan ya sha iska.

Motar Jos gingimari ce, an cika ta da buhunan barkono, mu fasinja a sama. Tun daga Zariya muke atishawa, wata Bayarabiya mai sayar da atamfa tana yi mana sannu, ita ma hawaye na zuba. Kawu kuwa ko a jikinsa, idonsa na kan daji. Can ya nuna wani kwari ya ce, "Nan da kanki ne garke-garke." Can kuma, "Wannan fadamar ta ɓauna ce." Babu komai a wuraren sai kututture da awaki. Laifin duka a wurinsa na 'yan bindiga ne masu fitilar goshi, masu harbin mai ciki da mai shayarwa, kuma abin da ya fi ƙona masa rai da dokar shi ne ta zuba shi a kwando ɗaya da su. Ya ce, "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni kuwa na haifi wanda zai ɗaure ni." Na yi ta ba shi baki, kamar ina zuba ruwa a bayan agwagwa.

A hawan dutsen Jos motar ta tafasa, aka ce kowa ya sauka ya taka. Na taka da ƙunshi a kai. Jos kuwa gari ne mai ban mamaki. Mun baro gida ana zufa ko a inuwa, muka tarar da mutane cikin kwat da suwaita na gwanjo, babu mai neman tela irina. Ko'ina ramukan kuza, gonaki kuma an kewaye su da shingen ƙerana maimakon darni. Wani Bazazzagi mai goro ya sauke mu a zaurensa, ya haɗa mu da bargo ɗaya, aka kawo mana gwaten acca da dankalin Turawa. Kawu ya juya cokali ya ce wannan kunu ne ko miya? Ya dai shanye, har ya karɓi ƙari.

Bauchi ta fi kama da gida, sai dai Fillanci ya fi yawa a kunne. Wainarsu kuwa, da suke kira masa, dole in faɗi gaskiya ko da matan Makarfi za su daina kawo mini ɗinki: ta fi tamu laushi. Daga nan muka aika wa Haladu cewa muna tafe, muka bi wata motar kasuwa ta ajiye mu a ƙofar gandu.

Ban taɓa ƙetare iyakar wata ƙasa ba, amma na tabbata haka take. Sanda ce doguwa a gicciye kan hanya, da 'yar rumfa, da wani dogon mutum cikin kaki. Ɗinkin kakin ba laifi, aljihun hagu ne kawai ya ɗan karkace. Ya gaishe da Kawu har ƙasa, sannan ya karanto mana doka da ka. Daga sandar nan, in ji shi, ba a shiga da bindiga, ko baka, ko tarko, ko kare. Ba a cinna wa ciyawa wuta, ba a sare itace, ko zuma ba a sha. Wasu dabbobin ma, kamar raƙumin dawa da jimina da gauraka, ko a bayan gidanka ka gan su ba naka ba ne. Ya gama, ya dubi kaina.

"Malam, me ke cikin tabarmar?"

Na ce da ƙarfin gwiwa, "Tsarabar jariri."

Ya kwance igiya. Sai ga baka, ga kwari cike da kibau masu dafi, ga burtu yana kallona da idonsa na wuri. Na dubi Kawu, Kawu ya dubi sama.

Mai gadin ya ce tun da a ƙofa aka gani ba laifi ba ne, za a ajiye a ba mu ranar fita. Amma da an wuce da su an same su a ɗakin Haladu, aikinsa ya tafi, watakila har da gidan yari. Ya miƙa hannu zai ɗauka, Kawu ya daka masa tsawa: hannun baƙo bai taɓa taɓa kwarin nan ba, kuma ba yau za a fara ba. Ana cikin haka motar gandu ta iso, Haladu ya diro. Ya yi ƙiba, ya yi baƙi. Ya gan ni ya ce, "Bawana, har da kai?" irin wasan da ɗan namiji ke yi wa ɗan mace. Dariyar ba ta gama fita ba idonsa ya sauka kan tabarma.

Ya cire hula, ya tuɓe takalma, ya durƙusa. "Baba, sannu da hanya. Yaya su Inna?"

Kawu ya juyo gare ni. "Gaya masa ga gadonsa na kawo. Ya ɗauka mu juya gida, ko kuwa ya san ba shi da uba."

Ban gaya masa komai ba, ai yana ji. Haladu ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Baba, ka yi mini aikin gafara. Zan ɗauka, amma ɗakin ajiya zan kai. Doka ce, kuma na yi rantsuwa a kanta." Ya sa hannu biyu ya tattara kayan, ya shige rumfa da su.

Kawu ya ce, "Ka gani? Na kawo masa gado, ya mai da shi kayan kamu." Ya saɓa jaka zai koma. Allah ya taimake ni babu mota sai wata kasuwar. Na ce, "Kawu, shi takwaran naka me ya yi maka? A ce ka zo har ƙofa ka juya ba ka tofa masa albarka ba?" Ya yi tsaki, ya hau motar gandu, ya zauna ya ba ɗansa baya.

Mazaunin ma'aikata yana can tsakiyar daji, 'yan bukkoki a share tas. Asabe matar Haladu, 'yar ƙasar ce, mai fara'a, ta miƙa wa Kawu jariri kafin ya sami damar ɗaure fuska. Yaron ya kama gemunsa ya riƙe. Na ga bakin tsoho yana motsi da addu'a, amma da ya ga ina kallo sai ya miƙa shi.

Abin da ya fara ɗaure mini kai, gadu ne yake kiwo a bakin madafa, ya durƙusa kan gwiwoyinsa, kaji na kewaya shi. A garinmu da tuni yara sun bi shi da jifa. Ina cikin kallo na ajiye jakata don in ciro rigar jariri, sai wani ƙaton gwaggon biri ya taho a hankali kamar mai gida, ya zari ƙullin ƙuli-ƙulina, ya haɗa da hular da na kwana uku ina yi wa aiki. Na sunkuya na ɗauki dutse. Asabe ta ce, "Yaya, kada ka jefa! Doka!" Ina tsaye da dutse a hannu, shi yana kan rufin ɗaki yana cin ƙuli-ƙuli yana kallona. Hular dai ya shinshina ya yar, ko ɗinkin ne bai yi masa ba.

Da aka kawo abinci, tuwon dawa ne da miyar kuka da busasshen kifi na kasuwa. Kawu ya leƙa kwano ya ce, "Nama na yawo a tsakar gida, ana cin kuka." Ni kuwa a nan abin ya fara burge ni. Mutanen nan su da iyalansu a tsakiyar daji, babu mai ganinsu sai Allah, amma ko zomo ba sa taɓawa. Akwai kuma wani marmaro da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse, ruwan garau har kana ganin yatsun ƙafarka, ga ɗumi kamar an sirka wa mai jego. Na yi wanka har fatata ta yi yaushi. Kawu ya ce ruwan da ya yi zafi ba wuta yana da masu shi, ya tsaya daga nesa.

Da yamma babban malamin dajin, Malam Garba, ya zo gaishe da baƙo. Dattijo ne, ashe shi ma ɗan maharba ne. Ya ce da Kawu, "Baba, kada ka ga kamar kai aka raina. Kwanan baya wani babban mutum ya zo da bindiga mai baki biyu, a rumfar ƙofa ta kwana. Bature ma haka. Kuma yawancin yaran nan 'ya'yan maharba ne. Wa zai tsare nama in ba wanda ya san shi ba?" Kawu ya ce, "Uhm." Malam Garba ya ce ya ji an zo da burtu, shi tun yana yaro rabonsa da ganin mai yi. Kawu ya ce, "Yana kurkuku." Malam Garba ya yi dariya, ya gayyace mu zagaye da safe.

Gani ya kori ji. Ba mu yi nisa ba muka tarar da ɓauna sun tare hanya, direba ya kashe mota muka jira har suka ga dama. Giwa kuwa na gan ta, ku masu tambaya, ba ɗaya ba, da 'ya'yansu suna tsallaka rafi, kuma ban hau bishiya ba, ƙarƙashin bencin mota na shiga. Duk dabbar da muka gani tana ɗaga kai ta dube mu ta ci gaba da kiwo. Dabbar da ba ta tsoron mutum, ban taɓa sanin akwai ta ba sai ran nan.

Can Haladu ya buga jikin mota aka tsaya. Ya sauka ya tsuguna kan wani sawu, ya taɓa ƙasar, ya murza ciyawar da aka gatsa, ya ɗebi ƙura ya saki don ya ga inda iska ta nufa. Ya ce da Malam Garba, "Gwanki ne, ba su daɗe ba. Akwai ƙanana. Sun yi fadama." Na saci kallon Kawu. Ya leƙo ta gefen mota yana duban sawun, kansa na gyaɗawa bai sani ba. Yadda Haladu ya tsuguna, da yadda ya saki ƙurar nan, ko makaho ya san ɗan wane ne.

Muka taka a hankali zuwa bakin fadama, sai ga su. Manya kamar dawaki, dogayen kunnuwa, ƙaho ya lanƙwasa baya, fuska kamar an zana mata baƙi da fari. Kawu ya dafa kafaɗata har na ji zafi. Ya yi musu kirari a hankali, "Gwanki sha bara. Ashe kuna nan? Ni na ɗauka kun ƙare a duniya." Rabonsa da gwanki tun kafin a yi mini kaciya.

Malam Garba ya koma mota ya dawo da wani abu a naɗe. Ashe tun da asuba ya aika ƙofa an ɗauko burtun, shi kaɗai, baka da kwari suna can. Ya ce, "Baba, in ba makami, kuma ina tsaye, na yarda. Ka nuna mana." Babu baƙin zane, sai aka tuɓe mini baƙar rigata sabuwa. Kawu ya ɗaura burtu, ya lulluɓa, ya durƙusa. Tsohon da sai na kama shi yake hawa mota, sai ga shi ya shige ciyawa ba ko motsi. Daga inda muke tsuntsu kawai muke gani, ya taka, ya tsaya, ya caki ƙasa, ya waiga, ya sake takawa. Babban namijin ya ɗaga kai ya kafa kunnuwa. Burtu ya juya masa baya ya ci gaba da tsintar fara. Namijin ya mai da baki ƙasa.

Har ya shiga tsakiyarsu. Wata uwa tana kiwo kusa da shi, ɗanta ya taho yana miƙa wuya yana shinshina. A nan muka ga rigar ta motsa, hannun Kawu ya fito a hankali ya tafi bayan kafaɗa, inda kwari yake zama. Haladu ya kama hannuna ya matse. Hannun tsoho ya laluba, ya sake lalubawa, sannan ya koma cikin riga. Ya daɗe a wurin ba ya ko cakar ƙasa, har garken suka gangara ruwa don kansu.

Ya dawo yana ɗingishi, ƙaya ta yage gwiwoyin wandonsa, gemunsa ya jiƙe, kuma ba gumi ba ne. Ya kwance burtun, ya dube ni ya ce, "Gaya masa..." Sai ya fasa. Ya juya, ya dubi Haladu ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo.

Ya ce, "Hannuna ya je neman kibiya, ban aike shi ba. Da tana nan da na harbi uwar, ɗan yana kallo. Gara da ka karɓe." Ya miƙa masa burtun da hannu biyu. "Ka ajiye wa takwarana. In ya girma ka koya masa, ya je kusa ya gani ya dawo. Allah ya yi maka albarka, Haladu."

Haladu ya zube a ƙasa yana kuka da kakinsa da komai. Malam Garba ya juya yana duban wata bishiya. Ni ma dai na nemi abin share fuska, rigata kuwa tana hannun Kawu.

Ranar fita aka ba mu baka da kwari a ƙofa, na sake ɗorawa a kai, wannan karon na san abin da na ɗauka. Da muka isa Furana Inna Kande ta tare mu a zaure, fuskata kawai take duba. Kawu ya wuce ta yana cewa, "Haladu yana gaishe ki." Sai ta zauna a nan inda take.

Wandon kuwa na ce ya kawo in yi masa faci kyauta. Ya ce a bar gwiwoyin yadda suke.